Shekarar da Sunayen Shaguna Suka Gudu Hagu a Kakuri

Allo na farko da aka bari na rubuta da hannuna bayan wata babbar mota ne a Kumasi. Na wuni a kansa. Da ubangidana Kwaku ya zo dubawa bai tsaya karantawa ba, sai ya tsallaka titi, ya runtse ido ɗaya, ya ce harafin farko ya yi kama da baƙon da ke tsaye a bakin ƙofa yana jiran a ce masa ya shigo. Ya sa na wanke shi da kananzir na sake. A wajensa na koyi abin da ba wanda ya gaya muku, ku samarin da ke buga suna a kan ledar fileks kuna cewa aikin ai danna kwamfuta ne kawai: mai wucewa ba ya karanta allo. Farkonsa yake gani, sauran ya cike da kansa.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai burushi mai faɗi na shafe, akwai siriri na harafi, wanda in ka bar shi ya kwana da fenti ka kashe shi. Akwai zare da alli: ka goga wa zaren alli, ka ɗaure shi gefe da gefe, ka ja shi ka saki, ya bar maka layi miƙaƙƙe. Akwai sanda mai ƙullin tsumma a kai, wadda ake jingina hannu a kanta don kada ya yi rawa. Sai tsani. Tsani shi ne rabin sana'ar. A ƙasa kowa gwani ne. A sama kuwa, gwangwanin fenti rataye a wuya, iska na kaɗa riga, mai shago yana ƙasa yana canja ra'ayi, a nan ake gane wanda ya zauna ya koya.

Bayan Kumasi na yi aikin nan a Kwatano da Yamai, na yi a Ikko, na ɗan taɓa a Jidda. Duk inda na je harshe daban, fenti daban, amma ciwon ɗaya ne: ba wanda sunansa ya ishe shi, sai ya ɗora masa wani abu a gaba. Bayarabe ya sa "oni" a gaban kaya, ya zama mai kayan. Balarabe ya sa "abu". Mai Faransanci a Kwatano, in shagonsa ya kai faɗin tabarma biyu, sai ya ce a rubuta masa "sufa" a gaban kasuwa. Mu ma haka muke. Ka ɗauki auna ka manna mata "ma", ta zama ma'auni; ɗinka ta zama maɗinki; Katsina ka sa mata "ba", sai ga mutum ya fito, Bakatsine. Malaman makaranta suna kiran wannan ɗan guntu ɗafa-goshi. Mu a bakin aiki goshi kawai muke cewa. Shi kaɗai ba ya iya tsayuwa, amma da ya hau gaban kalma sai ya juya ta yadda ya ga dama.

Turawa kuma suka zo da nasu na awo. Kilo dubu ne, ko a giram ko a mita. Senti ɗaya cikin ɗari, mili ɗaya cikin dubu. Na taɓa yi wa wani mai kemis aiki a unguwar Television, ya ce a rubuta masa MILI a gaban sunansa, don ya ga babu kwalin magani da ba ta ciki. Na gaya masa ai wannan goshin rage abu yake yi, ba ƙarawa ba. Ya ce abin da in an ninka shi biyu yake kwantar da ƙato, shi bai san wani girma da ya fi wannan ba. Na rubuta masa. Ƙa'idar sana'a ke nan: ka faɗa wa mai aiki gaskiya sau ɗaya, in ya ƙi, ka hau tsani.

Na sauka Kakuri lokacin da masaƙu ke aiki, jiniya na tashi, titi ya cika da kekuna har ba wurin tofa yawu. Ba na iya cinye aikin da ke zuwa. Sai shekarar da aka rufe masaƙun ta zo, ita ce mummunar shekarata. Aiki bai yanke ba, amma ya juye: maimakon in rubuta suna, sai a kira ni in shafe. Mai shago zai koma ƙauye, ya ce in sa fari a kai don mai zuwa. Mai zuwan bai zo ba. Mutanen unguwa suka lura duk ƙofar da burushina mai faɗi ya bi ta kanta ba ta sake buɗewa, sai suka yanke wa kansu hukunci cewa goge kalma daga allon da aka ci abinci a ƙarƙashinsa kiran rufewa ne. Liman ya yi wa'azi a kan wannan canfi, fasto ma ya yi. Aka saurare su da ladabi, kowa ya ce gaskiya ne, ba wanda ya sake goge ko ɗigo. Mata suka riƙa janye 'ya'yansu in na wuce da gwangwanin farin fenti.

A wannan shekarar ce ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan masaƙa ta mai da wata rumfar ajiye kekuna shaguna uku a jere, don 'yan ƙungiya su sami abin yi. Rufin gajere ne, tsakanin saman ƙofa da kwano bai wuce kamu biyu ba. Dokokin ƙungiyar biyu ne. Mutum ɗaya, shago ɗaya. Sannan duk shagon da ba a ga sunansa daga titi ba, ya mutu, a ba wani. Ciyaman ɗinsu, Baba Ayuba, tsohon fomen ne, wato shugaban ma'aikata, a sashen rini, shi ke zagayawa da sandarsa bayan kowace damina yana duba wanda ke raye.

In ka tsaya a titi kana fuskantar shagunan, na dama shi ne na kwana, inda masu Keke mai ƙafa uku ke sauke fasinja. Wannan na Dogara ne, wani matashi ɗan Kagoro da ya gaji gurbin babansa, yana cajin waya, yana sayar da katin memori, yana zuba wa mutane waƙoƙi a ciki. Na tsakiya na Malam Sani ne daga Makera, mai hatsi da sikeli. Na hagu, a bakin babbar kwatar da a da take kwararar da ruwan rini, yau ja gobe shuɗi, na Mama Talatu ne mai abinci. Mijinta Bitrus ya rasu ba da daɗewa da rufe masaƙa ba. Ni na rubuta allunan uku, kowanne daidai faɗin shagonsa, domin da zare na auna. DOGARA WAYA DA CAJI. SANI MAKERA HATSI. BITRUS ABINCI DA SHAYI. Na ƙarshen nan Bitrus da kansa ya hau ya buga shi, ya ce ba ya son kowa ya riƙe masa tsani.

Aikin MEGA ya zo mini ran wata Laraba. Dogara ya ce lebul ya canja, wato matsayinsa ya ɗaga, yana son goshi. Na ce ba wuri. In an ƙanƙanta haruffa sai an goge na da, ya ce Allah ya kiyaye. Sama kwano, ƙasa kawunan kwastoma. Na ce to a sa a ƙarshe, ta gefen kwana akwai fili. Ya dube ni kamar na ce ya sa hula a ƙafa, ya ce a ina na taɓa jin mega ta zo a baya. Saura hagu ke nan. Ya ce ya riga ya yi magana da Malam Sani, kuma da gaske ya yi, Malam Sani ya ce ba komai, don bai san tsawon mega ba. Dogara ya ce haruffan su fi na da girma. Tunda ba halin tsayi, sai na ba su faɗi. Na kawo sabon falanki, na buga shi a kan ƙarshen allon maƙwabci. HATSI ta ɓace.

Malam Sani ya dawo daga cin kasuwar ƙauye ya tarar an san shi an san garinsu, ba a san abin da yake sayarwa ba. Bai yi faɗa ba, mutum ne mai sanyi. Ya zo wurina ya ce shi ma a yi masa goshi, kuma shi ba ya aron abin da bai sani ba, a rubuta KILO. Na buga falankinsa ta hagu, DA SHAYI ta shige ƙarƙashi. Mama Talatu ta fito da ludayi a hannu ta duba, ta ce dama ta daina shayin tun da madara ta fi ƙarfin mutane, ta koma kan tukunyarta.

Da a nan aka tsaya da ban ba ku labarin ba. Amma Dogara ba ya iya riƙe baki. Kullum da safe in yana buɗe shago sai ya gaishe da Malam Sani, ya tambaye shi ya kwanan kilo. Ya ce kilo dubu ce, mega kuwa dubu sau dubu, wato shi Dogara yana iya haɗiye Malam Sani dubu bai sha ruwa ba. Malam Sani ya zo ya same ni ina wanke burushi, ya tambaye ni tsakani da Allah ko gaskiya ne. Na ce gaskiya ne. Na ƙara masa da cewa tan ɗin masarar da yake saukewa daga mota, in an bi ƙa'ida, megagiram ne sunansa, ba wanda ke faɗa ne kawai. Fuskarsa ta washe. Ya ce ashe shekara da shekaru yana ɗaukar mega a kafaɗa, yaron da bai taɓa ɗaga abin da ya fi caja ba yana masa gori. Ya ce a sa MEGA, a ƙara da SUFA saboda tsaro. Na buga su, suka cinye ABINCI da rabin BITRUS.

A wannan makon aka yi muhawarar da har yau ake tunawa a layin. Dogara, don ya nuna kilon kwamfuta ya fi na sikeli, ya ce a wajensu kilo ba dubu ba ce cif, dubu ce da ashirin da huɗu, saboda inji da bibbiyu yake lissafi. Malam Sani ya ce wannan ai gyara ce, kuma duk injin da ya san ya auna ya ƙara gyara, an yi masa tarbiyya. Har ya fara ganin mutuncin kwamfuta. Sai bakin Dogara ya sake kuɓucewa, ya ce amma masu yin katin memori da dubu cif suke awo, shi ya sa in ka sa katin a waya sai ka ga bai kai abin da aka rubuta a jiki ba. Malam Sani ya miƙe tsaye. Ya ce wato mai saye mudunsa daban, mai sayarwa mudunsa daban, kuma dukansu sunansu kilo. Ya ce a kasuwar garinsu da tuni an kai mutum gaban sarkin awo.

GIGA ta zo da farkon damina. Na yi ta a rumfata saboda ruwa, fenti mai ja a kan rawaya, G ɗin kaɗai ta kai faɗin taga. Da na buga ta, MAKERA ta tafi. Malam Sani ya rasa garinsu.

A nan na kawo shawarar da na ɗauka ta hikima ce. Na ce a Jidda goshin kalma ta dama yake, tunda daga dama ake fara rubutu. In na yi wa Malam Sani allo da ajami, goshinsa zai tafi wajen Dogara, a bar Mama Talatu ta sarara. Ya yi murna ƙwarai. Na zauna na tsara shi da kyau, har da wasula. Kwana kaɗan da bugawa mata suka fara zuwa suna rage murya, wata tana son maganin miji mai yawo, wata ɗanta ba ya cin jarrabawa. Masu sayen masara kuwa, waɗanda yawancinsu 'yan coci ne, suka ɗauka ya bar hatsi ya koma malanta, suka wuce gaba. Ya ce in sauke. Saukewa ba gogewa ba ce, Baba Ayuba ya tabbatar, muddin ba a taɓa harafi ba. Aka rataye allon a cikin shago bayan buhuna.

Kafin tsakiyar damina abin da Kwaku ya koya mini ya bayyana a fili. Mutane suna shiga ƙofar da suna ya fara a kanta. Mai neman mudun gero ya faɗa wurin Mama Talatu, ta nuna masa gaba, wani ya ji ƙanshin miya ya zauna, wani ya fita yana mita. Samari masu son waƙa suka riƙa miƙa wa Malam Sani katin memori. Ran nan ya karɓi na wani, ya tambaye shi giga nawa ne, ya ce takwas. Ya ɗora shi a kan sikeli, allura ba ta motsa ba. Ya aika aka zuba masa waƙoƙi har ya cika, ya sake ɗorawa, allura tana nan inda take. Ya mayar wa yaron katinsa, ya ce ya je ya nemi hakkinsa, shi dai ya gaya masa. Shagon kwana kuwa, inda Dogara yake zaune, ba mai shiga sai wanda ya riga ya san shi. Da ya ga ciniki ya ja baya, sai ya gane abin da ke damunsa: giga ta tsufa. Ya zo ya tambaye ni mene ne a gabanta. Na ce tera.

Kafin in taɓa aikin TERA na je wurin Mama Talatu. A lokacin abin da ya rage a allonta BIT ne. Na lissafa mata yadda abin zai tafi: tera za ta cinye SANI, shi kuma dole ya ƙara goshi don kada Baba Ayuba ya ce ya mutu, goshin nan kuwa a kanta zai sauka. Damina ta kusa ƙarewa. In Ciyaman ya zo bai ga sunanta ba, shagon ya tafi, kuma akwai masu jira. Na ce ta bari in kafa ƙarfe ta gefen kwata in yi mata nata goshin, ba sai na Turawa ba. MAMA, ko SABON, ko GIDAN. Kowanne ya isa ya fito da ita fili.

Ta ci gaba da tuƙa tuwo kamar ba ta ji ba. Sai da ta kwashe ta ce:

"Malam, ka san Bitrus. A masaƙa yana bayan wani a layi. A coci bencin baya. Ran da muka kai shi asibiti ma sai da aka gama da kowa. A kan katakon nan kaɗai ne ba kowa a gabansa. Ba zan sa masa ba."

Na ce to a cire allon a matsar da shi hagu yadda yake.

"In rataye shi a kan kwata? Mutane su ce kwatar ce Bitrus?"

Na ce Mama, shagon fa.

"Na ji ka. Za ka ci da kuka ko da kuɓewa?"

Na ci da kuka. Na koma na yi TERA.

Malam Sani ya daɗe yana jinkiri. Matar nan ita ke aika masa kunu in ana azumi, shi kuma ba ya auna mata wake sai ya tula. Amma da sanda ta fara ƙwanƙwasa a farkon layi, wato Baba Ayuba ya fara zagayen unguwa, sai ya zo ya ce in yi masa GIGA. Ranar da zan buga ya tsaya a ƙofarta yana murza hula, ya ce mata ba shi ba ne, turo shi ake yi daga dama. Ta ce ta sani, ya matsa kada ƙusa ta faɗo masa a ka. Na buga. Bitrus ya shige gaba ɗaya.

Baba Ayuba ya iso da hantsi, da wasu dattawan ƙungiya biyu a bayansa, masu Keke suka kashe inji don kallo. Ya tsaya tsakiyar titi ya karanta layin daga hagu zuwa dama da ƙarfi, kamar mai karanta sanarwa: GIGA SUFA MEGA KILO TERA GIGA MEGA DOGARA WAYA DA CAJI. Ya tambaya ko wannan duka mutum ɗaya ne. Aka yi masa bayani, kowa na magana lokaci guda. Ya ɗaga sanda aka yi shiru. Ya ce a sashen rini, in yadi ya zame daga kan abin naɗi, ba a yanka yadi, abin naɗin ake matsarwa. Tunda ba a goge suna, kuma sunaye sun tashi, to shago ya bi sunansa. Duk ƙofar da suna ya fara a kanta, ta mai sunan ce. Kai ke da ƙofa, wutsiya ba ta da komai.

Dogara ne ya fara tafa hannu. Shagon tsakiya ya fi nasa zurfi, kuma can kwastomominsa suke ta shiga. Ya ce wannan shi ne adalci, Ciyaman ya daɗe. Malam Sani ya dubi shagon bakin kwata, ya dubi ƙasa. Baba Ayuba ya juya wajen Mama Talatu, ya rage murya, ya ce ta yi haƙuri, ya duba bai ga Bitrus ba, kuma doka shi ma ta fi ƙarfinsa.

Ta kwance zanin da ta ɗaura a kan riga ta sake ɗaurawa tamau, ta ce mini in kawo tsani. Na ce zan hau. Ta ce in riƙe dai. Ta hau da guduma, mace mai jikoki, ta zura hannu bayan falankin Malam Sani ta ɓanɓare ƙusoshin da mijinta ya buga, ɗaya bayan ɗaya, tana zuba su a bakin zani. Ta zaro allon ta gefe. Gizo-gizo ya yi gida a kansa, amma fentin yana nan, domin fentin da ne. Ta sauko, ta ɗora shi a ka kamar tiren talla, ta bi ta gaban shagon tsakiya, mutane na buɗa mata hanya suna zaton gida za ta. Sai ta tsaya a ƙofar shagon kwana ta sauke.

"Ciyaman, wannan ƙofar, sunan wa ya fara a kanta?"

Baba Ayuba ya ɗaga kai. Ya bi allon da sanda daga dama yana komawa hagu yana neman inda ya fara, sanda ta kai shi har ƙofar tsakiya.

"Ba na kowa ba," ya ce.

"To ga suna, ga 'yar ƙungiya ba shago."

Dogara ya ce a tsaya, a tsaya, ai nan shagonsa ne, ga sunansa ɓaro-ɓaro a sama. Baba Ayuba ya ce wutsiya ce. Dogara ya ce to zai riƙe biyun. Aka tuna masa mutum ɗaya shago ɗaya. Ya ce to ya fasa, a bar kowa inda yake. Wani mai Keke ya ce ai shi ya fara tafa wa hukuncin, kowa ya gani. Malam Sani ya ce shi a matsayinsa na mai awo ya shaida hukuncin ya cika mudu har da gyara, ya shiga ya fara jan buhunansa zuwa bakin kwata da saurin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Sauran aikin nawa ne. Na sauke DOGARA WAYA DA CAJI daga saman shagon kwana ba tare da na taɓa harafi ba, aka rataye shi a cikin sabon shagonsa, sama da soket ɗin caji. Tsohon allon Malam Sani da ke ɓoye a baya shi ma na zaro shi, ya bi mai shi ciki. Abin da ya rage a waje, a kan ƙofar tsakiya TERA GIGA MEGA, a kan ta hagu GIGA SUFA MEGA KILO. Goshi zalla, ba kai. Baba Ayuba ya ce shi dai ya ga rubutu daga titi, ya buga sanda ya wuce. Yanzu in kun je layin ku tambayi Dogara ba lalle a gane ba, Tera ake ce masa, har matarsa.

Da na zo buga allon Bitrus sai ga wata matsala: gaban shagon kwana ya fi tsohon faɗi, allon bai cika shi ba. Ta ce in manne shi ta dama, da ƙusoshin da ta zo da su a zani. Na miƙe waɗanda suka lanƙwashe na buga. Fili ya rage ta hagu, kusan tsawon hannu, bulo tsirara. Na tambaye ta me za a sa. Ta ce in sa falanki in shafa masa shuɗi irin na allon, in bar shi haka.

Shafe ba rubutu ya fi rubutu wuya, don ba harafin da zai ɓoye maka sawun burushi. Na yi masa hannu uku, ina gogewa da takarda mai yashi a tsakani, har ya fito sumul kamar ruwa a randa. Masu sauka daga Keke suka riƙa tsayawa suna kallon shuɗin nan, sannan idonsu ya faɗa kan BITRUS, sannan su ji ƙanshi. Kafin azahar tuwo ya ƙare.

Ba a yi mako ba sai ga Dogara a rumfata, ya ja kujera kusa, ya rage murya. Ya ce ya bincika a waya, ya ga bayan tera akwai peta, akwai wasu ma a gaba, amma duk bai ga wanda ake rubutawa da shuɗi zalla ba. Ya ce in gaya masa gaskiya, nawa ne wannan ɗin. Na ce ba komai ba ne, fili ne. Ya yi murmushi, ya ce ya gane, wato ya wuce a faɗa. Yana son irinsa a gaban TERA, amma ya fi nata tsawo. Na faɗa masa sau ɗaya cewa a kan Malam Sani zai sauka. Ya ce sun riga sun yi magana. Yana fita, ɗan saƙon Malam Sani na shigowa: shi ma a yi masa, kuma a nemo ƙarfe mai ƙwari, don nasa a kan kwata zai tsaya.

Na ɗauko falankan biyu na jingina su a jikin bangon shagon kwana, don a nan rana ta fi bugawa, na fara shafa musu shuɗi. Mama Talatu ta fito zubar da ruwan wanke-wanke, ta tsaya ta dubi ɗaya, ta dubi ɗayan, ta tambaye ni na waye. Na gaya mata. Ta ɗaga kai ta dubi allon da ke saman ƙofarta, ta daɗe tana dubansa.

"Ka gani ko, Malam," ta ce. "Mutumin da riga ɗaya ya sani har ya mutu. Yau shi ke fito da yayi a Kakuri."